Ranar da Na Shanya Rediyon Inna

Rediyon Inna ja ce, ba ta fi tafin hannu ba, da 'yar fitila a goshinta da igiyar ratayawa. Irin ƙananan nan ne masu cin memori da ake jerawa a faranti a bakin kasuwa, waɗanda yara ke ce wa emfi. Ƙanena ya saya mata shekarar da idanunta suka fara rufewa, wai ta riƙa jin karatu da wa'azi idan ya tafi fadama ya bar ta a gida. Mu biyu muka rage mata cikin 'ya'ya shida, ni ta fari, shi auta.

Ni aure ya kawo ni birni tun da na gama sakandare, muna zaune a unguwar Minanata a Sakkwato. Shi ya tsaya ƙauye yana noman gero a tudu, shinkafa a fadama. Wata damina gulbi ya cika, jirgin da ke tsallakar da su zuwa gona ya kife, sai washegari aka tsamo shi. Matarsa ta gama takaba ta koma gidansu. Ba wanda zai riƙe Inna a can, sai maigidana ya nemo mota muka je muka taho da ita, da akwatinta, da tabarmarta, da buhun shinkafa guda da maƙwabta suka yanke mata daga gonarsa. Rediyon tana ɗaure a bakin zanenta.

Inna ta san ya rasu. An gaya mata, ta yi salati, ta yi kuka, ta karɓi gaisuwa. Amma da ta zo birni sai sanin ya riƙa zuwa yana tafiya. Wata rana ta tashi da shi, ta yini tana yi masa addu'a. Wata rana kuma ta tambaye ni ko ya dawo daga gona. Wannan duk mai sauƙi ne. Abinci ta ƙi. Na tuƙa mata tuwon gero, na dama fura da nono mai kyau, na yi kunun tsamiya, na yi ɗanwake, sai ta taɓa da yatsa ta ture kwanon da bayan hannu.

Ni kuma ba ni da bakin lallashinta. 'Yar fari ce ni, tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. Kakata ce ta raine ni. Idan Inna za ta kira ni sai dai ta ce "ke" ko "wagga". Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da. Ga shi kuma gidan suruki take zaune, idan ta ji takun maigidana a tsakar gida har mayafi take ja ta rufe fuska, ita da ba ta gani. Duk lokacin da na ce Inna ki ci, sai ta ce ta ƙoshi, Allah shi yi albarka, kamar baƙuwar da ta biyo hanya. Cikin wata biyu awarwaronta ya fara zamewa har gwiwar hannu.

Wata rana bayan La'asar na zauna kusa da ita ina danna rediyon, ina neman mata wani karatu da take so. Na wuce shi ban sani ba. Sai na ji ƙarar gogayya, kamar ana shafa abin a riga, sannan dariyar ƙanena. Ya ce, "Ta kama? Kai, ashe tana ɗaukar magana." Na daina dannawa, na kasa kunne.

Ashe tun tana sabuwa ya gwada maɓallin ɗaukar murya, ya ajiye ta a tsakar gida ya manta. Minti goma sha ɗaya ta ɗauka. Akwai dakan matarsa, akwai kaji, akwai jakinsa da ya yi kuka sau biyu. Akwai muryar Inna kanta tana faɗa a kan wani ƙwarya da aka bari a rana. Wani ya yi sallama daga waje aka amsa. Can nesa ladanin ƙauyenmu ya fara kiran Magariba da muryarsa mai rawa. Sai ƙanena ya matso kusa, ya ce, "Inna, ci tuwonki tun da zahi, in kin bari ya huce ni ka cinye shi. Za ni masallaci. In na dawo in ishe kwanon ga wayam." Aka ji takunsa yana nisa, daga nan sai kaji, har ta yanke.

Ina share hawaye ban lura ba, sai na ji ƙarar kwano. Inna ta lalubo tuwon da ta ture tun rana, ta jawo shi gabanta. Ta ce, ba da ni take ba, "Ja'iri, kullum shi ka cinye man." Ta yi bisimilla. Ta cinye shi tas, sanyi ƙalau, har ta suɗe hannu.

Daga ranar haka muka zauna fiye da shekara. Da safe koko, da yamma tuwo, in ajiye kwano in danna, in koma bakin ƙofa in yi shiru. Tana ci tana amsa masa. Ta yi ƙiba kaɗan, har ta fara fita tsakar gida shan iska. Abin ya dame ni ta wajen addini, na tambayi malamarmu ta Islamiyya ko yaudara nake yi. Ta ce ita dai ba ta ga laifi ba, muddin ban buɗe baki na ce mata yana da rai ba. Ta ce in kiyaye harshena, sauran kuma in bar wa Allah. Na riƙe wannan sosai. Ko sau ɗaya ban ce mata ga shi nan ba.

Maigidana ya taɓa cewa a kai memorin a kwafe abin a waya, don ajiya. Na ce to. Amma Inna ba ta yarda rediyon ta bar jikinta ko na rabin yini, ni kuma ina tsoron a ciro memorin a taɓa wani abu ya goge. Muka ce wani satin. Haka satin ya yi ta zuwa yana wucewa.

Da bazara ne, lokacin da ruwan randa kansa ke yin ɗumi. Kafin Azahar na kai Inna bayan ɗaki ina yi mata wanka a zaune. Na kwance zanenta, na manta da ƙullin da ke bakinsa. Sai ji na yi tsulum a cikin baho. Na tsamo ta da sauri, na yarfe, na goge da mayafina, na danna. Ta yi wani ƙugi ta yi shiru.

Ban yi tunani ba ko kaɗan, hannuna ne ya yi abin da ya saba. A gidanmu duk abin da ya jiƙe rana ake ba. Tumatir, tattasai, albasa, katifar yaro, littafin da ruwa ya taɓa. A ranar ma akwai tumatir da na yanka na baza a kan kwanon rufin kicin. Na ɗauko farantin silba, na ɗora rediyon a kai, na taka turmi na miƙa ta can kusa da tumatir, inda rana ta fi bugawa. Har na ji daɗi a raina da ranar ta yi ƙarfi, na ce kafin a yi sallah ta bushe.

Sai Inna ta fara laluben bakin zanenta tana tambaya. Na ce tana caji. Wannan ce ƙaryar farko, ta fito da sauƙi har na ji tsoro. Na yi sallah, na ɗora girki, maƙwabciya ta shigo da maganar bikin 'yarta ta daɗe. Ban tuna ba sai da aka kira La'asar. Da na kai hannu farantin ya ƙona ni, sai da tsumma na sauke shi. Bayan rediyon ya kumbura kamar fanke, robar gefenta ta lanƙwashe, tana wani wari mai ɗaci da ban taɓa ji ba. Na gwada ciro memorin da farce, ya ƙi motsi.

Da yamma na ajiye wa Inna tuwo. Ta zauna hannunta a kan cinya tana jira. Ta jira har aka yi Magariba, sannan ta ture kwanon.

Washegari da safe na nemi izinin maigidana na hau keke zuwa Tudun Wada. Akwai wani mai gyara da na sani ta wajen matarsa, wadda ta koyar da 'ya'yana a firamare. Kirista ne, mutumin Filato, ya fi shekara talatin a Sakkwato, kowa Injiniya yake ce masa. Rumfarsa tana tsakanin wani tela da mai injin markaɗe, ba ta fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. A kan teburinsa akwai ƙananan sukudireba a gwangwanin madara, da tsohon burushin haƙori, da kwalbar sifirit, da dalma a naɗe kamar zare. A ƙarƙashin teburin kuma wani babban kwali ne cike da matattun rediyo, ja da baƙi da shuɗi. Ya ce saman tebur asibiti ne, ƙasa maƙabarta, kuma mutanen maƙabarta su ke ba na asibiti kayan jiki.

Na kwance ta daga hankici na miƙa masa. Bai buɗe ba, hanci ya fara kai mata.

"Ta sha ruwa," ya ce.

Na ce eh.

"Sai aka sa ta rana."

"Bisa kwano," na ce.

Ya ajiye ta ya dafe kai yana dariya. "Kai, mutanen Sakkwato. Tumatir rana, nama rana, rediyo ma rana. Hajiya, miya za ki yi da ita?" Tela ya leƙo yana taya shi. Injiniya ya ce tun da ya zo garin nan, waɗanda rana ta kashe masa sun fi waɗanda ruwa ya kashe. Ya ce ruwa ba ya gaggawa. Da na cire batir da memori na tura ta cikin ɗanyar shinkafa a inuwa kwana biyu, da ta tashi da kanta.

Shinkafa. Buhun gonar ƙanena yana jingine a ɗakin Inna, ban taɓa kwance bakinsa ba saboda ba na iya ci. Daga bayan ɗakin da ta faɗi zuwa wurin buhun bai fi taku goma ba.

Ya ce in bar wannan, sabuwa ba ta da wuyar samu, zai zaɓo mini mai kyau. Na ce ba rediyon nake so ba, abin da ke ciki ne. Ya ce ai karatu da wa'azi ko'ina ana turawa. Sai na gaya masa. Ban yi niyyar faɗa duka ba, a gaban tela da mutane masu jiran markaɗe, amma na faɗa, har da jakin. Ya daina dariya. Ya jawo benci ya ce in zauna, ya ce wa mai injin ya ɗan kashe tukuna.

Ya ce shi dokarsa, ba ya ciro memorin mutum sai mai shi yana kallo, don kada a ce ya canza. Ya kwance ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana jera su a murfin kwalba. Batirin ya fashe ta gefe, wani abu fari ya malalo ya bushe a kan fanel, wato faifan nan kore da komai ke manne a kai. Ramin memorin kuwa ya narke ya riƙe shi gam. Ya duba da wani gilashi da ya ciro daga tsohuwar kyamara, ya daɗe. Ya ce idan ya ja zai karye. Dole sai ya ɓamɓare ramin gaba ɗaya daga fanel, sannan ya yanka shi a hankali da reza. Idan babu wuta yakan gasa ƙarfen dalmarsa a garwashi, amma wannan aikin ba zai yarda da garwashi ba, don ba ya iya sanin zafinsa. Sai an kawo wuta. Ya ce ranar da aka kawo zai kira ni.

Kwana uku ba a kawo ba.

A gida Inna ta tambaya, na ce ta lalace na kai gyara. Wannan gaskiya ne. Ta ce mi ya same ta, na ce mai gyara bai faɗa ba tukuna. Ta ce yaushe za a karɓo, na ce shi ya riƙe ta. Kullum da safe sai ta ce, "Wane irin mutum na shi? Abin tsohuwa zai riƙe? Ko ya sayar?" Ni kuma in yi shiru in bar shi a kansa. Ruwa take sha, sai farau-farau kurɓi biyu idan na matsa. Na zauna a bakin ƙofa na gwada faɗin maganar ƙanena da bakina, ci tun da zafi. Ta ce, "Ke, bari." Ban sake ba.

Rana ta huɗu da hantsi ya kira. Na iske ya share teburin ya shimfiɗa farar takarda. Na zauna ina kallo, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina a ɓoye. Ya fi awa yana abu ɗaya, gumi yana ɗiga daga haɓarsa yana kauce wa takardar. Da memorin ya fito sai na ga ya ɗan lanƙwashe, kamar farcen da aka yanke. Ya wanke shi da sifirit, ya bari ya sha iska. Ya sa shi a wata rediyo, ta yi shiru. Ya sa a ta biyu, ta uku, ya sa a wayarsa. Ya rufe rumfa muka taka tare zuwa shagon wani mai kwamfuta, ina binsa a baya. Kwamfutar ma ba ta san an sa mata komai ba. Da muka fito ya ɗaga shi a haske ya nuna mini wani tsagi siriri kamar gashi, daga gefe zuwa tsakiya.

Ya ce zai danne shi a ƙarƙashin gilashi kwana biyu ko zai miƙe, amma kada in sa rai. Na ce masa Inna tana can tana zarginsa, kuma ni na bari. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Bar ta ta zage ni, Hajiya, tsohuwa ce. Ki ce ni ne ban gama ba. Idan ta ji ke ce, daga hannun wa za ta sha ruwa?"

Memorin bai miƙe ba. Rediyon kuwa ya tashe ta. Ya ciro batir daga wata, rami daga wata, ya sa mata baƙin murfi a baya don bai sami ja ba. Tana kama tasha garau fiye da da. Na karɓe ta. Na yi godiya.

A satin muka kai Inna asibiti, aka ƙara mata ruwa. Likita ya ce bai ga wata cuta ba ban da tsufa, mu lallaɓa ta ta ci. Na kalli maigidana, ya kalli ƙasa.

Injiniya ne ya kawo shawarar a sa sabon memori a koma ƙauyen a sake ɗauka. Ya ce kaji kaji ne, turmi turmi ne, ladan yana nan. Ni kuma na ƙara nawa a kai. Akwai ɗan ƙanen babanmu da muryarsa ke kama da ta marigayin, na ce a sa shi ya faɗi maganar. Maigidana ya ce wannan kam ƙarya ce tsagwaronta, ba irin ta da ba. Na ce na sani. Na ce ya bar zunubin a kaina. Ranar Asabar ya ɗauki rediyon ya tafi.

Ya dawo washegari ya ce katangar gidan ta faɗi ta gabas, awakin mutane ke kwana a ɗakin Inna. Jakin an sayar tun tuni. Ya roƙi wata maƙwabciya ta kawo turminta ta yi daka a tsakar gidan, aka watsa tsaba kaji suka taru, suka jira Magariba. Ɗan'uwan namu sai da ya faɗa sau biyar, kuka yana hana shi.

Da yamma na tuƙa tuwon gero mai laushi da miyar kuka. Na ajiye, na sa mata rediyon a hannu. Ta shafa ta gaba da baya, ta tsaya a kan sabon murfin. Na danna na koma bakin ƙofa.

Daka ya fara. Ta karkata kai. Ba a yi minti ɗaya ba ta ce, "Turmin wa na wanga? Nawa ya tsage, ba haka shika amsawa ba." Kaji suka yi ta kuka, ladan ya kira, wani sabo ne mai lasifika. Sai muryar ta zo, Inna ci tuwonki tun da zahi. Na ga hannunta ya saki rediyon a kan tabarma.

"Kashe," ta ce.

Na kashe. Muka zauna. A waje ana ta haramar sallah, ina jin ƙarar butoci.

"Na san ya tahi," ta ce. "Ko sadda nika ci, rabin raina ya sani. Ni dai ina son in ji shi. Wa ya sa ku wahal da ɗan mutane?"

Na matso na durƙusa a gabanta. Na ce Inna ni ce. Na ce mai gyara ba shi da laifi, ni na jefa ta a ruwa wurin wanka, ni kuma na shanya ta har ta ƙone da abin da ke ciki, ba zai dawo ba. Na ce na yi mata ƙarya tun ranar farko.

Ta daɗe ba ta yi magana ba. Na ɗauka tunaninta ya sake tafiya. Sai ta ce, "Bisa mi kinka shanya ta?"

"Bisa kwano. Cikin hwaranti."

"Da bazara?"

"Eh, Inna."

"Ko kuɓewa ba a yi ma haka, baƙi taka yi. Inuwa aka nema mata, iska shi busar." Ta numfasa. "To, wa ya gwada maki? Ban zauna da ke ba, ban koya maki komi ba."

Tun da nake da ita ba ta taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba. Ta ce in je in roƙa mata gafarar mutumin nan, ta ci namansa kwana da kwanaki bai ji ba bai gani ba. Sannan ta ce in ba ta. Na gutsuro tuwon na kai bakinta, ta karɓa. Loma uku ta ci daga hannuna. A ta huɗu ta kau da kai ta ce Allah shi yi albarka.

Na kwana da murna, Allah ya sani. Na ce ashe abin da ake jira ke nan. Da safe na dama koko da wuri na kai, ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye. Da yamma ba ta taɓa ba. Washegari ma haka. Na gane loma ukun nan don ni ta ci su, kada in tashi da nauyi. Ba ta sake tambayar ko ya dawo daga gona ba, ko sau ɗaya. Hankalinta ya zauna daram, ya ƙi tafiya ko'ina. Sallah take yi a kwance, da carbi, sai ruwa a cokali. Har addu'a na yi Allah ya mayar mata da mantuwar, ban san ko ya halatta ba.

Ta rasu ranar wata Laraba da hantsi, kwana biyu kafin ruwan farko. Da muka yi mata wanka ni da maƙwabciyata, ɗaukarta bai fi ɗaukar yarinya ba.

Injiniya da matarsa sun zo gaisuwa rana ta uku. Ita ta shigo ciki, shi ya zauna da maza a waje. Da za su tafi na fita zaure na isar masa da saƙon Inna daga bayan labule. Ya ce ba ta yi masa komai ba, Allah ya ji ƙanta. Ya miƙo wata 'yar takarda a naɗe ta hannun matarsa. Memorin ne. Ya ce in ajiye a inuwa, ko wata rana za a yi injin da zai iya karanta shi. Daga muryarsa na san shi ma bai yarda ba.

Mutane sun gaya mini kwananta ne ya ƙare, ko da rediyo ko babu. Na sani, na yi imani da haka, kuma ina istigfari idan zuciyata ta fara cewa da na yi kaza. Amma sanin bai hana ni ganin hannuna yana miƙa farantin nan sama ba. Har yau idan na taka turmi zan baza tumatir sai in tuna. Ina bazawa dai, tunda za a ci miya.

Bayan arba'in na kwance buhun shinkafar, na ce in yi mata sadaka da shi. Ƙwari sun riga ni, rabinsa ya zama gari.

Na sami littafin rubutu na yara na zauna in rubuta abin da ke cikin minti goma sha ɗayan nan bi da bi, tunda na ji shi sau biyu a rana fiye da shekara. Maganarsa tana nan, ban rasa kalma ko ɗaya ba. Amma na kasa tuna ko jakin ya yi kuka kafin sallamar ne ko bayanta. Muryar kuma idan na kira ta a raina, ta ɗan'uwan nan namu ke zuwa, wadda na ji sau ɗaya tak.

Rediyon tana rataye a ƙusa a kicin, ja a gaba, baƙa a baya. Yara suna kunna ta su ji labarai. Ba ta sake lalacewa ba.